CERN: me ake nema a cikin ramin nan na ƙarƙashin Jeneba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. An turo mana wani bidiyo a WhatsApp ana cewa akwai wani wuri a Turai mai suna CERN, inda aka haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa domin buɗe ƙofar wata duniya, wasu kuma sun ce makami ake ƙerawa. Don Allah mece ce gaskiyar wurin nan? Wa ya kafa shi, yaushe, kuma me ake nema da har aka kashe masa wannan uban kuɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka tura bidiyon gaba. Ramin dai akwai shi, kewayensa kilomita 27, kuɗin da ka ji an kashe kuma an kashe su. Maganar ƙofar wata duniya da ta makami kuwa ba ta da tushe balle makama. Na daɗe ina koyar da fiziks, Allah kuma ya nufa na taɓa sauka cikin wurin da ƙafata, saboda haka zan ba ka labarin yadda na san shi. Da tarihi zan fara, domin amsar tambayarka ta makami tana can.

Ka dubi Turai a 1945. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, birane sun zama kufai, jami'o'i babu kayan aiki. Kafin yaƙin, Turai ce uwar ilimin ƙwayar zarra: a Ingila aka gano ilektron a 1897, a can Rutherford ya nuna cewa zarra tana da cibiya a 1911, a Berlin kuma aka fara tsaga cibiyar yuraniyom a ƙarshen 1938. Mulkin Hitler da na Mussolini da yaƙi suka kora manyan masana zuwa Amurka, irin su Einstein da Fermi, kuma da wannan ilimin aka ƙera bam ɗin da ya hallaka Hiroshima da Nagasaki. Masanan da suka rage a Turai abu biyu ke ci musu tuwo a ƙwarya. Matasansu masu basira suna ta tsallakewa zuwa Amurka, domin can ne ake da manyan injunan bincike, alhali babu ƙasa ɗaya a Turai da za ta iya gina irinsu ita kaɗai. Sannan ilimin cibiyar zarra ya koma hannun soja, ana yin sa a ɓoye, bayan shinge da masu gadi.

A Disambar 1949, a wani taro a birnin Lausanne, aka karanta saƙon masanin Faransa Louis de Broglie yana kira da a kafa ɗakin bincike na Turai baki ɗaya. A Yunin 1950 Ba'amurke Isidor Rabi ya kai maganar taron UNESCO a Florence aka amince. Waɗanda suka yi ta zirga-zirga tsakanin gwamnatoci har abin ya tabbata sun haɗa da Pierre Auger da Raoul Dautry daga Faransa, da Edoardo Amaldi daga Italiya. A 1952 aka kafa majalisar riƙon ƙwarya mai suna Conseil Européen pour la Recherche Nucléaire, wato Majalisar Turai ta Binciken Nukiliya, daga farkon haruffan kalmomin nan na Faransanci aka samo CERN. Majalisar ta gama aikinta ta watse, sunan ya bi hukumar da ta gaje ta.

An zaɓi Jeneba saboda Suwizalan 'yar ba-ruwanmu ce, kuma tana tsakiyar nahiyar. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, tsoron da ke cikin bidiyonku ya riga ku zuwa duniya. Wasu mutanen Jeneba sun ce ba su yarda a kawo musu wurin nukiliya ƙofar gida ba, kada a jefa su cikin rikicin manyan ƙasashe. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yunin 1953, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce a gina. Ƙasashe 12 suka sa hannu a yarjejeniyar: Beljiyam, Birtaniya, Denmak, Faransa, Girka, Holan, Italiya, Jamus ta Yamma, Nowe, Suwidin, Suwizalan da Yugoslabiya. Ta fara aiki ranar 29 ga Satumba, 1954, kuma wannan ita ce ranar haihuwar CERN. Felix Bloch ne shugabanta na farko.

A cikin yarjejeniyar akwai sashe na biyu, wanda a ganina shi ne ginshiƙin wurin. Ya haramta wa hukumar duk wani aiki na buƙatun soja, ya kuma wajabta mata wallafa sakamakon bincikenta kowa ya gani. Ka tuna shekara tara kacal ke nan da daina harbin juna. Wanda ya wakilci Jamus shi ne Werner Heisenberg, mutumin da ya jagoranci binciken nukiliyar ƙasarsa a lokacin yaƙi, ga shi zaune teburi ɗaya da mutanen ƙasashen da sojojin Jamus suka mamaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, amma su abin da suka ƙudurta ya wuce haɗa kuɗi. So suke su ƙwato wannan ilimi daga ɗakin sirri su maido shi fili. Ko a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, a 1967, CERN ta ƙulla yarjejeniyar aiki da masanan Tarayyar Sobiyet. Kalmar nukiliya da ke cikin sunan tana ruɗar mutane, amma babu tukunyar nukiliya a wurin, ba a tace yuraniyom, ba a samar da wutar lantarki. Sayen wuta ma suke yi, mai yawan gaske.

To me ake nema? Tambaya ɗaya ce tun ranar farko: da me aka gina abubuwa, kuma me ke riƙe da su?

Ɗauki ƙwayar gishiri ka yi ta rabawa. Daga ƙarshe za ka iso ga zarra, wadda sai ka jera kimanin miliyan 10 kafin su cika milimita ɗaya. Ita ma zarrar kusan duk cikinta fili ne. Da za a hura zarrar haidirojin ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. Cibiyar zarra an gina ta da furoton da nutron, su kuma kowanne yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Mutum biyu suka kawo shawarar kwak a 1964, kowa daban, Murray Gell-Mann da George Zweig, kuma a lokacin Zweig yana aiki ne a CERN. Iyakar abin da aka sani yau shi ne kwak iri 6, da dangin ilektron iri 6, da ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙarfi tsakaninsu. Lissafin da ya haɗa waɗannan duka shi ake kira Daidaitaccen Tsari. Jikinka, da ruwan randa, da rana, duk daga 'yan ƙwayoyin nan ne.

Matsalar ita ce babu madubin da zai nuna maka abu ƙanƙane haka. Yaron da yake son sanin abin da ke cikin asusunsa na ƙasa, fasa shi yake yi. Haka ake yi a CERN: a ɗauko furoton biyu, a kora su da gudu, a haɗa su karo, a duba abin da ya tarwatso. Sai dai misalin asusu ya gaza a wuri ɗaya, kuma nan ne daɗin fannin yake. In ka fasa asusu, abin da aka zuba kawai za ka gani. In furoton biyu suka yi karo kuwa, ƙarfin gudunsu yakan rikiɗe ya zama sababbin ƙwayoyi da ba sa cikinsu tun farko, wasu ma sun fi furoton ɗin nauyi sau ɗari. Wannan shi ne abin da Einstein ya nuna a 1905, cewa ƙarfi da nauyi abu ɗaya ne mai fuska biyu. Yawan ƙarfin karon, yawan nauyin ƙwayar da za ta iya bayyana. Shi ya sa tarihin CERN ya zama tarihin gina inji sama da inji.

Na farko ya fara aiki a 1957. A Nuwambar 1959 aka kunna PS, zobe mai kewayen mita 628, wanda ya zama mafi ƙarfi a duniya na ɗan lokaci. A 1965 filin ya tsallaka iyaka ya shiga Faransa. A 1971 aka fara haɗa furoton da furoton gaba da gaba, maimakon harba su kan abu tsayayye. A 1976 SPS ya zo, mai kewayen kusan kilomita 7. Sannan aka haƙa babban ramin, aka zuba injin LEP da ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000, aka kwashe shi aka sa LHC, babban injin haɗa furoton karo, a gurbinsa. Tsofaffin ba a yar da su ba. PS ɗin 1959 har yau yana aiki: shi ke miƙa furoton ga SPS, SPS ya miƙa ga LHC, kamar masu gini suna miƙa wa juna bulo.

Ranar da na je, injin yana hutun gyara, domin in yana aiki ba mai sauka. Daga tsakiyar Jeneba motar dogo ta cikin gari ke kai ka har bakin ƙofa. A sama ba za ka ga abin mamaki ba: tsofaffin ofisoshi, gonaki, shanu na kiwo, tituna masu sunayen masana. Aka ba mu hular kwano, mai yi mana jagora ya kanga idonsa ga wata na'ura ta tantance shi, ƙofa ta buɗe, muka shiga lif ya yi ƙasa da mu kusan mita 100. Muka bi wani lungu na kankare, sai ga ATLAS a gabanmu, ɗaya daga cikin manyan na'urorin da ke ganin abin da karon ya haifar. Na ga hotonsa sau da yawa, har na koyar da shi a aji, amma gani ya kori ji. Tsawonsa mita 46, tsayinsa mita 25, nauyinsa tan 7,000, kamar an kwantar da bene mai hawa takwas a cikin kogo. Sai na ɗaga kai har hular ta nemi faɗuwa kafin na ga ƙarshensa. Wayoyi ne bila adadin, kowace da lambarta a manne, ga wani ma'aikaci can sama a kan tsani yana ɗaure wani abu da ɗan ƙaramin sukundireba. Duk wannan ginin an yi shi ne domin a ga sawun abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Tafiyar furoton tana farawa ne daga kwalbar iskar haidirojin da ba ta fi tulun kashe gobara girma ba. A raba zarra da ilektron ɗinta, a bi da furoton ta zobe bayan zobe, har ya shiga LHC, inda gudunsa yake kusan daidai da na haske. Yana kewaya kilomita 27 ɗin nan sau 11,245 a daƙiƙa ɗaya. Abu mai irin wannan gudu miƙewa yake so ya yi, sai an tanƙwara shi. Wannan aikin manyan maganaɗisu ne guda 1,232, kowanne tsawon mita 15, masu shuɗin fenti. Domin wayoyinsu su ɗauki wuta mai yawa ba tare da sun yi zafi ba, ana sanyaya su da ruwan hiliyom har zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Furoton suna tafiya a bututu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sai a wurare huɗu ake haɗa su, inda aka kafa manyan na'urorin gani: ATLAS, CMS, ALICE da LHCb. Dami-dami suke tafiya, kowane dami da furoton sama da biliyan 100, kuma damman suna ratsa juna har sau miliyan 40 a daƙiƙa. Babu kwamfutar da za ta adana wannan duka, sai na'ura ta tace nan take, ta zubar da kusan komai, ta ajiye 'yan dubbai. Abin da aka ajiye ana rarraba shi ga cibiyoyin kwamfuta kimanin 170 a ƙasashe sama da 40.

Akwai wani labari na zamanin LEP da nake yawan ba ɗalibaina, domin su san irin tsantsenin da ake aunawa da shi. Masana suka lura ƙarfin injin yana ɗan hawa da sauka sau biyu a rana. Da aka bi diddigi, ashe wata ne. Jan da wata ke yi wa teku yana yi wa ƙasa ma, har kewayen ramin yakan canja da kimanin milimita ɗaya, kuma injin yana jin wannan. Daga baya aka ga wani canjin da ke zuwa a wasu sa'o'i, aka gano wutar jirgin ƙasa mai gudu da ke tashi daga Jeneba ce ke zurara cikin ƙasa tana bi ta bututun.

Me aka samu? A 1973 wata na'ura mai suna Gargamelle, wadda yanzu take ajiye a lambu baƙi na kallo, ta nuna alamar farko cewa ƙarfin lantarki da rarraunan ƙarfin cikin cibiyar zarra asalinsu ɗaya. Wannan hasashe ne na Sheldon Glashow da Steven Weinberg da masanin Pakistan Abdus Salam, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1979. A 1983 aka ga ƙwayoyin W da Z da hasashen ya ce dole su wanzu, Carlo Rubbia da Simon van der Meer suka karɓi Nobel a shekarar da ta biyo. LEP ya tabbatar da cewa nutirino, wato 'yan uwan ilektron marasa caji masu ɗan ƙaramin nauyi, iri uku ne, ba su fi ba. Sai maganar kishiya: kowace ƙwaya tana da kishiyarta mai nauyi iri ɗaya da caji akasin nata, in suka haɗu duk su biyun sai su ɓace su zama haske. A 1995 CERN ta haɗa zarrar kishiyar haidirojin guda 9, karo na farko a duniya. A 2011 aka tsare wasu sama da minti 16, a 2023 kuma aka sake su aka ga ƙasa suke faɗowa kamar kowane abu.

LHC kansa bai fara da sa'a ba. An kunna shi ranar 10 ga Satumba, 2008, duniya na kallo. Bayan kwana tara wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, hiliyom tan 6 ya fashe ya fito, ya tumɓuke manyan ƙarafa daga mazauninsu. Sai da aka fito da maganaɗisu 53, gyara ya ci fiye da shekara. Ba a rasa rai ba, kuma hukumar ta wallafa rahoton abin da ya faru dalla-dalla. Haka a 2011 wani gwaji da ke karɓar nutirino daga CERN a Italiya, nisan kilomita 730, ya ga kamar sun fi haske gudu. Masu gwajin suka fito suka ce a taya su dubawa, aka duba, aka tarar wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba, suka sanar da hakan su ma. Ina kawo maka waɗannan ne domin ka ga ɗabi'ar wurin. Masu ɓoye ƙofar wata duniya ba sa tallar kuskurensu a gaban jama'a.

Babban abin da aka gina LHC dominsa shi ne ƙwayar Higgs. Lissafin Daidaitaccen Tsari yana tafiya sumul muddin ƙwayoyi ba su da nauyi, alhali suna da shi. A 1964 Robert Brout da François Englert a Beljiyam, da Peter Higgs a Edinburgh, da wasu masana uku a Landan, suka kawo mafita: akwai wani abu da ya cika sarari ko'ina, ba a ganinsa, kuma gwargwadon yadda ƙwaya ke cuɗanya da shi, gwargwadon nauyinta. Ka ɗauka kamar masu ratsa kogi: mai babbar riga ruwa zai riƙe shi, mai gajeren wando ya fi shi sauƙin motsi, ƙwayar haske kuwa ko jiƙewa ba ta yi, shi ya sa ba ta da nauyi. Misali ne kawai, kada ka ja shi da nisa. Kuma kada ka ce duk nauyin jikinka daga nan yake, domin mafi yawan nauyin furoton daga ƙarfin da ke ɗaure kwak yake fitowa. Amma da ilektron ba shi da nauyi, da ba zai zauna kusa da cibiya ba, da babu zarra, babu ruwa, babu ƙasa. Higgs ya ce in wannan abu gaskiya ne, to in aka girgiza shi da ƙarfi zai fitar da ƙwaya tasa ta kansa.

Shekara 48 ana nemanta. Takan fito sau ɗaya a cikin karo sama da biliyan, ta ɓace kafin ta yi tafiyar faɗin zarra ɗaya, sai daga tarkacenta ake gane ta wuce. Ranar 4 ga Yuli, 2012, ATLAS da CMS, waɗanda ke aiki kowa daban ba ya leƙa sakamakon ɗan'uwansa, suka sanar da cewa sun ga sabuwar ƙwaya a wuri ɗaya, mai nauyin furoton kimanin 133. Fabiola Gianotti ce ta yi bayanin ATLAS, Joe Incandela ya yi na CMS. Peter Higgs yana zaune a zauren, yana da shekara 83, aka gan shi yana share hawaye. Brout bai ga ranar ba, ya rasu a 2011. Englert da Higgs suka karɓi Nobel a 2013.

Wataƙila a bidiyonku an ce masanan sun kira ta da sunan Ubangiji. Wannan laƙabin daga sunan wani littafi ne da Ba'amurke Leon Lederman ya fitar a 1993, 'yan jarida suka ɗauka suka yayata. Masu fannin ba sa amfani da shi, Higgs kansa ya nuna bai so shi ba, ni ma ba na faɗarsa a aji. Ƙwayar Higgs halitta ce cikin halittu, kamar ilektron, kamar ƙwayar yashi, kuma aunata bai bambanta da auna zurfin rijiya ba. Mutum-mutumin da ake nunawa a irin waɗannan bidiyoyi kyauta ce da gwamnatin Indiya ta bayar a 2004, an kafa shi a tsakar gida kamar sauran kyaututtukan ƙasashe. Hoton da ya bazu a 2016 na wasu masu baƙaƙen kaya a gabansa, hukumar ta bincika ta ce wasa ne wasu suka shirya ba da izini ba. Batun cewa injin zai haɗiye duniya kuma, amsarsa tana saman kanka. Kullum ƙwayoyi daga sararin samaniya suna dukan iskar duniyarmu da ƙarfin da ya ninka na LHC nesa ba kusa ba, tun kafin a halicci ɗan Adam, ga mu nan lafiya. Karon furoton biyu a LHC, duk ƙarfinsa bai wuce na 'yan sauro goma sha suna tashi ba. Abin da ya sa ya zama babba shi ne an matse shi a wuri ƙanƙane ƙwarai.

Sai kuɗi. Ƙasashe mambobi, waɗanda yanzu sun haura 20, su ke biya gwargwadon arzikin kowace, Jamus ce kan gaba. Kasafin shekara ya haura biliyan 1 na kuɗin Suwizalan, gina injin LHC kuma ya ci sama da biliyan 4. Ma'aikatan dindindin kimanin 2,500 ne, masu zuwa bincike daga jami'o'in duniya sun haura 12,000. In ka tambaye ni ko ƙwayar Higgs za ta rage farashin masara, a'a, ba kuma don haka aka neme ta ba. Amma wanda ya gano ilektron a 1897 ma bai san za a yi wayar da ka turo mini tambaya da ita ba. Kuma a kan hanyar neman, abubuwa sun faɗo. A Maris 1989 wani ma'aikacin CERN, Tim Berners-Lee, ya rubuta shawarar yadda masana za su riƙa musayar takardu ta kwamfuta. Daga nan shafukan yanar gizo suka samo asali, wato www ɗin da kake gani. Intanet ta riga shi, shi shafukan da mahaɗansu ya ƙirƙiro. Ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba lasisi ba haraji, kuma wannan sashe na biyu ne na yarjejeniyar 1954 yake aiki. Na'urar da Georges Charpak ya ƙera a 1968, wadda ta ba shi Nobel a 1992, ta buɗe hanyar haɗa na'urorin gani da kwamfuta, kuma dangin wannan fasaha suna cikin injunan ɗaukar hoto na asibiti. Akwai kuma cibiyoyin ƙona ciwon daji da furoton a Italiya da Ostiriya da aka gina bisa zanen da aka yi a CERN.

Ba zan ɓoye maka inda ake da ja ba. Tun 2012 LHC ya gano sababbin haɗe-haɗen kwak da dama, amma bai ga wata ƙwaya ta asali da ta fita daga Daidaitaccen Tsari ba, alhali da yawa sun sa rai. Kuma an san tsarin bai cika ba. Duk abin da yake bayani bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin sararin samaniya ba. Bai faɗi dalilin da ya sa ƙwayoyi suka rinjayi kishiyoyinsu har muka samu ba, bai kuma haɗa da ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ba. Yanzu ana haɓaka LHC domin ya ninka yawan karonsa, ana kuma shawarar haƙa sabon zobe mai kilomita 91, wanda aka ƙiyasta zangonsa na farko zai ci biliyan 15 na kuɗin Suwizalan. Akwai masana na ƙwarai da ke ganin kuɗin sun yi yawa ga abin da ba a da tabbacin samu, kuma hujjarsu abin saurare ce. Amurka ta taɓa fara irin wannan a Texas, ta watsar a 1993 bayan ta kashe kusan dala biliyan 2. Ni ina goyon bayan a gina, domin ƙwayar Higgs sabuwar baƙuwa ce da ba mu gama auna halinta ba. Siyasa ma ta sami ƙofar shiga: saboda yaƙin Yukren, yarjejeniyar aiki da Rasha ta ƙare a ƙarshen Nuwambar 2024, abin da ya sosa ran duk wanda ya san dalilin kafa wurin.

Tunda kai ɗalibi ne, ka sani ƙofar ba a rufe take gare ka ba. Jami'o'in Maroko da Masar da Afirka ta Kudu sun daɗe a cikin manyan gwaje-gwajen. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da CERN ke cikin masu tallafa mata, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Tun 2014 CERN ke sakin bayanan karon gaske a intanet, duk mai kwamfuta zai iya saukewa ya gwada hannunsa. Akwai kuma shirin ɗaliban bazara, na mako 8 zuwa 13, da ke karɓar 'yan ƙasashen da ba mambobi ba, masu karatun fiziks ko injiniya ko kwamfuta ko lissafi. Sai ka kammala shekara uku a jami'a za ka iya nema, kuma a watan Janairu ake rufe karɓar takardu. Kafin lokacin, ka riƙe lissafinka da kyau, ka fara koyon rubuta manhajar kwamfuta tun yanzu, domin da su ake yin kusan duk aikin yau da kullum a can. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.